Kalmar da Ta Ɗago Min Kai

Muna aji biyu a sakandare a Lafiya aka kawo mana malamin Turanci ɗan Ghana, mai wata kalma da ba ta barin bakinsa kamar goro. In ya tashe ka karatu, kafin ka kai ƙarshen layi sai ya buga tebur ya ce, "Enunciate." Mu dai mun ɗauka cewa yake a ɗaga murya, sai mu yi ta kwarara ihu, shi kuma ya dafe kai.

Ni kuwa ba na barin kalma ta wuce ni ban san gidansu ba. Ran nan na tare shi a gindin mangwaro na tambaye shi. Ya ce kalmar ba ruwanta da ƙarfin murya. Nufinta a buɗe baki, a ba kowane harafi haƙƙinsa, a daina haɗiye ƙarshen magana. Kuma a ɗaga kai, mai sauraro ya ga bakin.

To, nan gizo ke saƙar. A gidanmu a Akurba, yarinyar da ta kalli babba ido cikin ido tana magana ta ɗebo ruwan dafa kanta. Sunkuyar da kai aka koya mana, da magana ƙasa-ƙasa.

A lokacin kunnen kakana ya yi nauyi. Kowa ihu yake masa, shi kuwa ya tsani a daka masa tsawa kamar akuyar da ta shiga gona. Ya daina fitowa hira, ya koma zama shi kaɗai a bakin rumbun doya. Abin ya dame ni ƙwarai, don shi ne abokin tsokanata, mai kirana amaryarsa, ga shi ina kallo yana nisa da mu.

Wata Asabar na kai masa kunu. Na durƙusa kamar kullum, amma na ɗago kai na dubi fuskarsa. A hankali, kalma-kalma, na ce, "Kaka, kunun ya huce, ka sha."

Ya tsura wa bakina ido. Inna ta hango mu daga madafa ta fara faɗan rashin kunya, sai ya ɗaga mata hannu.

"Ƙyale min amaryata," in ji shi. "Tun damina ba wanda ya yi min magana sai yau. Ke, sake faɗa."

Na sake faɗa. Har kunun ya yi sanyi muna hira.