Farin Kwalin Baba Bakanike

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Kwali ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera sifanoninsa a kan tsumma, ya ajiye kwanon tarar baƙin mai. Abu na ƙarshe da yake fitowa da shi shi ne kwalayen da yake roƙa a shagon maƙwabcinsa ya yayyanka. Daga nan sunan ya samo asali, har an manta da na yanka.

Aikinsa juyen mai ne, yawanci na tsofaffin baburan da suka ga jiya suka ga yau. In ka kawo naka, sai ya bar injin ya ɗan yi ɗumi, ya kwance notin da ke ƙasan inji, ya bar tsohon mai ya tsiyaye sarai. Wajen mayar da notin kuwa, sabuwar wosha, ɗan zoben nan mai hana yoyo, yake sa masa, ya fara murzawa da yatsu, sai ya ji ya zauna daidai kafin sifana ta taɓa shi. Sannan ya zuba sabon mai, ya tura farin kwali ƙarƙashin babur don a ga ko mai zai ɗiga, ya nuna maka benci.

"Zauna ka sha shayi. In kwalin ya fito fes, Allah ya kiyaye hanya."

Masu sauri sun sha yi masa mita. Cikinsu har da wani tela, Baban Gimbiya, wanda ya gaji babur ɗin mahaifinsa, kuma a kansa yake kai 'yarsa makaranta kullum, tana maƙale a bayansa. Wani ƙarshen mako ya ce shi ya gaji da gadin kwali, a gida zai yi juyensa. Ya yi kuwa. Da ya zo ɗaure noti, don kada a ce hannun tela ba ƙarfi, sai ya zura bututun ƙarfe a sifana ya danna iya ƙarfinsa. Notin ya yi tauri, can kuma sai ya saki, yana juyawa ba ya kamawa. Ya naɗa masa leda ya cusa, ya wanke hannu, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Maman Gimbiya ce ta gano, kuma a bahon wanki. Farar safar yarinyar ta fito da baƙaƙen ɗige-ɗige da suka ƙi jin sabulu. Ta sunsuna, ta ajiye wankin, ta fita tsakar gida ta durƙusa a gindin babur. Tayar baya tana ta ƙyallin mai. Ba ta san inji ba, amma ta san santsi, ta kuma san kwanar nan da ke gangaren makaranta.

"Baban Gimbiya, yarinyar nan ba za ta ƙara hawa wannan abin a haka ba."

"Haba, ɗan gumi ne kawai yake yi. Tsufa ne."

"To a kai tsoho wurin mai magani. Ita ni zan kai ta da ƙafata."

Haka aka yi. Ta raka yarinyar makaranta, ta biyo ta rumfar Baba, ta tarar maigidan ya turo babur yana haki. Baba Kwali ya kwanta a kan buhu, ya laluba, ya zaro ledar nan ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Malam tela, wannan kuma wane irin ɗinki ne?"

Masu jira a benci suka kwashe da dariya. Tela ya sosa ƙeya. "Baba, ɗaurewa na yi sosai don kada ya zuba."

"Ƙarfen injin nan laushi gare shi, ɗana. Ka cinye haƙoran ramin. Da notin nan ya faɗi a hanya, a kan tayarka man zai juye gaba ɗaya." Ya waiwayo wajen matar. "'Yata, wa ya gani?"

"Safa ce ta faɗa mini, Baba."

"To, safar nan ta fi kwalina ido."

Baba ya sake fitar wa ramin sababbin haƙora a hankali, ya nemo notin da ya ɗan fi girma, ya murza da yatsu. Sannan ya ɗauko sabulu da buroshi ya wanke tayar tas, aikin da ba wanda ya sa shi. Da ya tura kwali, tela da kansa ya nemi benci, ya sha shayi har da neman ƙari. Kwali ya fito fari sol. Maman Gimbiya ta miƙa hannu ta ce a ba ta, ita ma za ta riƙa shimfiɗawa a gida.

Yanzu gwiwoyin Baba sun ce a huta. Ƙarshen watan nan ƙaninsa zai karɓi rumfar, kuma an ce sharaɗi ɗaya aka kafa masa: benci da kwali su zauna inda suke.

Baba, kai ne wanda bai taɓa raina aikin noti ɗaya ba. Kai ne ka yarda a kira ka mai nawa, a yi maka tsaki, muddin 'ya'yan mutane za su dawo gida da ƙafafunsu. Mu iyaye mata ba mu cika zama a bencinka ba, amma kowace safiya abin da muka fi so a duniya muke ɗorawa a kan aikin hannunka. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Ku kuma masu sifana, ku fara da yatsu, ku yi haƙuri da jiran kwali. Masu babur, in an nuna muku benci ku zauna, shayin ba ya cizo.

Gimbiya ta koma bayan babanta, tana ta surutu har makaranta. Safarta tana dawowa da ƙurar filin wasa, wani lokaci har da huji a babban yatsa, amma baƙin ɗigo ko ɗaya uwarta ba ta sake gani ba.