Ranar da Aka Hana Mu Toka a Toranke

Har gobe ba zan manta da ranar da na isa filin ƙwallon Toranke na tarar da shi fayau ba, babu ɗan kallo, babu layi ko ɗaya a ƙasa. Ku da kuka shigo alƙalancin wasa kwanan nan kuna yawan tambayata wane wasa ne ya fi ba ni wuya, kuna jira in ce wanda aka bi ni da jifa. Jifa kam na sha shi, akwai garin da na baro takalmi ɗaya a fili ban koma ɗauka ba. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne wannan, wanda ko zagina ba a yi ba.

A lokacin ina alƙali mai daraja ta biyu, wato wanda ake tura wa wasannin ƙananan hukumomi, bai kai a ba shi na jiha ba. Gasarmu ta haɗa ƙungiyoyin garuruwan Gaya da Ajingi, ana yin gida da waje. Kwamitin gasa ne ke tsara wasa, ya tura alƙali da mataimakansa biyu masu ɗaga tuta, ya haɗa su da kwamishinan wasa. Shi kwamishina ba ya busa usur. Zama yake yi a gefe ya ga an bi doka, ya kai wa kwamiti rahoto.

A shekarar ne kwamiti ya shigo da yaran wata babbar ƙungiyar birni cikin gasar. Hujjarsu ita ce yaranmu za su ƙaru, kuma wataƙila a hango wani a ɗauke shi. Mutanen garuruwa ba su ga haka ba. Suka ce waɗannan yara ba kofi ya kawo su ba, motsa jini suka zo yi da mu. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne wani makon a zo da yara zalla, wani makon kuma a cusa manyan 'yan wasa biyu da suka tashi daga jinya, su yi wa garin da tsautsayi ya faɗa wa ruwan ƙwallaye. Ni alƙali ne, ba a son in yi ra'ayi, amma a raina na san suna da gaskiya.

Sai magoya bayan ƙungiyar Toranke suka yi taro a ƙofar mai unguwa, suka yanke shawarar ƙaurace wa wasan da za a yi da yaran birni a filinsu. Jagoransu Garba mai faci ne, mutum mai faɗa ɗaya, wanda ganga da tutar ƙungiya ke kwana a rumfarsa. Suka ɗaga hannu gaban dattawa cewa ba mai zuwa kallo, ba mai taimakawa da komai, ko ruwan sha.

A birni idan 'yan kallo suka ƙaurace, masu sayar da tikiti ne ke ji a jikinsu. A ƙauye babu ƙofa balle tikiti. 'Yan kallo su ne ma'aikatan fili: su share, su ɗaura raga, su kori awaki, su ja layi. Layin kuma ba da fenti ake jansa ba. Toka ake bi gida-gida a tara cikin buhu kwana biyu kafin wasa, safiyar ranar a zuba. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa mai ƙarfi daren Alhamis, ya wanke tsohon layin tas.

Ranar Asabar muka taso daga Gaya a babura bayan azahar, ni da mataimakana da kwamishina, Alhaji Mudi, tsohon hedimasta wanda ba ya wasa da doka. Muka tarar motar yaran birni ta riga mu, suna ta tsalle-tsalle cikin riguna masu sheƙi. A gindin wata darbejiya kuma kocin Toranke ne zaune da yaransa, ya haɗa kai da gwiwa. Sunansa Sabo, tela ne, ƙanen Garba mai faci uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kafa ƙungiyar, da kekensa ya ɗinka musu riguna. Raga sun ɗaura da kansu, amma ƙasa babu ko ɗigon fari.

Alhaji Mudi ya zagaya filin, ya dawo ya ce, "Malam Nasiru, ka san doka. Babu layi, babu wasa."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ga abin da dokar ta ce, don waɗanda ba su kai nan a karatunsu ba. Idan masu masauki suka kasa shirya fili, ana ba baƙi makin wasan, sannan a dakatar da masu masauki daga gasar shekara mai zuwa. Na karanta wa Sabo ita. Ya ce, "Rafli, in aka dakatar da mu shekara guda, ƙungiya ta mutu. Ƙwallon nan ce ke riƙe yaran nan a gida. Ana gama girbi za su watse cirani, kuma ba zan sake haɗa kansu ba."

Na tambaye shi me ya hana yaransa su je su kwaso tokar da kansu. Ya ce tun safe suke yawo. Toka a madafa take, madafa a cikin gida, kuma namiji baligi ba ya shiga gidan wani sai da izinin maigida. Masu gidan kuwa su ne suka ɗaga hannu a taro, kowa ya shimfiɗa tabarma a zaurensa ya zauna. Har gidajen iyayen 'yan wasan haka abin yake, domin uban da ya yi alkawari gaban mai unguwa ba zai bari a fita da toka ta gabansa ba. Abin da suka samu bai fi kwano biyu ba, na gidan Sabo da na wani mai shayi. A je Gaya a sayo farar ƙasa a dawo kuwa, rana ta tafi, ga shi fili ba fitila, dole a tashi wasa kafin magariba.

Na roƙi kwamishina ya ba ni lokaci in shiga gari. Ya dubi rana, ya ce, "Duba fili aikinka ne, ni rubutu ne nawa. Amma in aka idar da la'asar babu toka a filin nan, zan rubuta abin da na gani." Kocin baƙi ma, in faɗi gaskiya, bai matsa ba. Ya ce su wasa suka zo yi, ba makin banza ba.

Ni da Sabo muka sami Garba a rumfarsa yana liƙe tayar babur, mutane sun kewaye shi. Na yi sallama, na bayyana masa dokar dalla-dalla. Na ga fuskarsa ta sauya, domin ba su san da zancen dakatarwa ba. Su a zatonsu kwamiti za su kunyata.

Sabo ya durƙusa ya ce, "Yaya, don Allah. Buhu biyu kawai."

Garba ya ajiye tayar. Ya ce, "Sabo, ni na tara mutanen nan, ni na fara ɗaga hannu. In na sauke yau, gobe wa zai sake jin maganata a garin nan? Kwamiti kuma su ce daman sun san ba za mu iya ba." Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, domin a fili yake ƙungiyar nan ta fi masa komai.

Muna komawa jiki a sanyaye sai muka ci karo da wata tsohuwa a bakin fili, ta ajiye kasko da murhu tana ta faɗa ita kaɗai. Gwaggo Hajara ke nan, mai ƙosai, ƙanwar mahaifin su Garba. Duk ranar wasa a nan take suya. Ta niƙa wakenta tun safe, ta zo ta tarar ba kowa.

Ta dube ni da gajeren wandona ta ce, "Kai ne mai usur ɗin? Ina mutane?"

Na gaishe ta, na faɗa mata yadda ake ciki, har zancen toka.

Ta ce, "Taro suka yi? Yaushe?"

Sabo ya ce, "Ran Talata, Gwaggo, a ƙofar mai unguwa."

Ta ce, "To ni ba a kira ni ba. Kuma tokar, cikin su wa ya taɓa hura wutar da ta yi ta? Ɗan nan, riƙe mini kaskon nan, kada awaki su ɓarar."

Haka na tsaya, alƙali mai daraja ta biyu, ina gadin kaskon ƙosai. Mataimakana suna ta ƙunshe dariya.

Abin da masu taro suka manta ke nan. Sun ƙulla shawararsu tsakaninsu maza, ba wanda ya tuna ya shiga gida ya faɗa, balle ya nemi yardar kowa. Tsohuwa kuwa ba a yi mata iso. Daga baya aka ba ni labarin yadda ta riƙa ratsa zaure bayan zaure, ta amsa gaisuwar maigida ba ta ko tsaya ba, ta fito da kwano a ka. Wa zai tare ta? Rabin masu gidan ita ta yi musu wankan jarirai. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Gwaggo, an fa yi magana." Ta ce, "Da wa?" ta wuce abinta.

Ana kiran la'asar muka hango su tafe, tsofaffi wajen goma, wata da tasa, wata da ƙwarya, wata da tsohon bokiti. Wata tokar ma da ɗuminta. Muka yi salla a gindin darbejiya, muka ja igiya, 'yan wasan Toranke suka bi ta suna zuba toka da hannu. Da yaran birni suka ga haka, su ma suka tuɓe takalmansu masu tsada suka shigo. Da'irar tsakiya ta fito kamar ƙwai, layin gefe ɗaya ya ɗan yi ciki. Alhaji Mudi ya bi shi da kallo, ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin layi."

Ya ce, "Ni ma ina gani." Ya buɗe kujerarsa ya zauna.

Ban taɓa busa wasa mai shiru irin wannan ba. Kana jin numfashin ɗan wasa, kana jin ƙarar mai a kaskon Gwaggo. 'Yan kallonmu tsofaffin nan ne, zaune kan tabarma, ba su san satar gida ba balle su zage ni a kanta. Sai dai gonar geron da ke bayan raga, na lura tana motsi ba tare da iska ba, har na hango hula ɗaya ko biyu tsakanin zangarniya. Ban ga fuskar kowa ba, kuma ba a aike ni in gani ba.

Baƙi suka ci biyu kafin hutu. Ana saura kaɗan a tashi, Toranke suka sami bugun kwana, wani dogon yaro mai suna Auwalu ya tashi ya sa mata kai, ta faɗa raga. Tsofaffi suka rangaɗa guɗa, gonar gero ta amsa da ihu, sannan ta yi tsit kamar an tuna da wani abu. Aka tashi biyu da ɗaya. Sabo ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. An ci su, amma ƙungiyarsa tana nan cikin gasa.

Bayan magariba na tsaya a rumfar Garba, domin tayar babur ɗina ta yi sanyi. Shi kaɗai ne a wurin. Bai je fili ba, bai shiga gona ba, kowa ya shaida. Ya ba tayar iska, ya ƙi karɓar ko sisi. Na hau zan tayar, sai ya riƙe kan babur ɗin.

Ya ce, "Rafli, an ce Auwalu ne ya ci."

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Ɗana ne. Da ka aka ce?"

Na ce da ka.

Ya ce, "Daga wane ɓangare aka bugo kwanar? Sauko ka nuna mini."

Na sauka. A gaban rumfar faci na tsaya ina nuna masa inda gola ya tsaya, inda Auwalu ya taso, yadda ya karkata wuya. Ya sa na maimaita, yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Na koma Gaya ranar da farin cikin da ban san irinsa ba a aikin nan.

Alhaji Mudi ya rubuta a rahotonsa cewa an yi wasa lafiya, amma mazan gari ba su halarta ba, ya kuma faɗi dalili. Da gasa ta zagayo, kwamiti ya hana baƙin sako manyan 'yan wasa. Ko ƙauracewar ce ta jawo, ko rahoton, ban sani ba. A Toranke dai Garba ake yaba wa, Gwaggo kuwa ta ce su ƙarata.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Za a tura ku garuruwan da mutane ke fushi da kwamiti, wani lokacin su juya muku baya gaba ɗaya. Kada ku ɗauka sun daina son wasan, kuma kada ku yi saurin rufe shi don doka ta ba ku dama. Ku ajiye usur, ku shiga gari ku yi sallama. Wanda ya ƙi zuwa fili sau da yawa shi ne wanda abin ya fi ci wa rai, kuma yana nan zaune a rumfarsa yana jiran wanda zai ba shi labari.