Ranar da ɗan Caina ya yi wa kakata ruku'u

Shekarun baya, bayan an rushe unguwarmu Karantina a Jidda mun koma Bani Malik, yayana ya wayi gari ba aiki. Shagon kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, ya tafi tare da unguwar, iƙamarsa ta zama a ƙasar kuma ta kusa ƙarewa. Idan bai samu wanda zai ɗauke shi ba, sai a mayar da shi Sudan, ƙasarmu da bai taɓa gani ba sai a waya.

Ya ji labarin wani sito a Khumra da ke neman mai riƙe makulli. Mudir ɗin wurin, wato manajan, ɗan Caina ne, dattijo. Ya ce shi ba ya ba mutum makulli sai ya ga yadda yake da manyansa a gida. Zai zo shan shayi ranar Juma'a.

Yayana ya shiga waya, bai fito ba sai da ya zama shehi. Ya tara mu a falo ya ce mutumin mai bin koyarwar Konfushiyas ne, wani malami da ya rayu a Caina tun kafin Annabi Isa. A wurinsu, in ji shi, kowa da matsayinsa. Ɗa ya bi ubansa, ƙane ya bi yayansa, iyaye kuwa ko sun mutu ba a daina girmama su. Wanda ya iya zama da gidansu shi ake ba amanar waje.

"Ƙane ya bi yayansa," ya maimaita yana kallona.

Na ce, "Ai bai ce ƙanwa ba."

Daga nan aka fara horo. Babba ne zai fara kurɓar shayi. Kyauta da hannu bibbiyu ake karɓa. Ni kuma ban da dariya, ban da magana, in da hali ban da numfashi. Kunnen kakata ya yi nauyi, sai da na maimaita mata. Ta ce, "Yanzu ɗan Caina ne zai koya mini hannu bibbiyu? Tun ubanku bai iya ɗaura wando ba nake yi."

Abu ɗaya yayana ya manta: yadda suke gaisuwa.

Bayan la'asar mutumin ya iso da kwalin shayi. Ya gaisa da babana, ya hango kakata a kan darduma, ya gane ita ce babbar gidan. Ya je gabanta, ya haɗa ƙafa, ya sunkuya. Ba ɗan sunkuyo ba. Bayansa ya miƙe sambal, da za ka ɗora kofin shayi ba zai zube ba.

Kakata ta saki carbi. "Ruku'u yake mini? Ku ɗaga shi. Ba za a kai ni wuta da tsufana ba."

Da ya ji muryarta ta tashi, ya ɗauka gaisuwar ce ba ta isa ba, sai ya ƙara yin ƙasa. Ni dai na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba.

Kakata ta jawo mafici ta juya kan yayana. "Kai ka kawo shi, kana tsaye ƙerere ana saɓon Allah." Ta sauke masa a kafaɗa, ta ƙara. A gaban mudir.

Na ga makulli da iƙama sun yi fiffike. Ina jira ya ce, "Halas, ya isa haka Kaka, da baƙo fa." Bai ce ba. Ya durƙusa yadda yake yi tun yana yaro, ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarki, Kaka. Laifina ne, ban gaya masa ba." Wannan ba ya cikin horon.

Babana ya yi wa baƙon bayani cewa mu irin wannan sunkuyon Allah kaɗai ake yi wa. Mutumin ya kalli maficin. Da ɗan guntun Larabcinsa ya ce shi ma da mafici mahaifiyarsa take dukansa. Ta rasu yana nan Jidda, bai samu jana'izarta ba. Sai ya nuna yayana, ya tambaya ko haka ake gaida babba a wurinmu.

Ya gwada durƙuson. Gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya rake, sai da babana da yayana suka kama shi kafin ya miƙe. Kakata ta karɓi shayin da hannu bibbiyu, ta ce mini, "Gaya masa ya fi ku tarbiyya."

Yayana yana Khumra har yau, makullai a ƙugu kamar mai gadin kurkuku. Ban zama masaniyar Konfushiyas ba. Abin da na riƙe shi ne, duk haddar da muka yi ba ita mutumin ya zo gani ba, abin da muka saba yi ya zo gani. Duk Sallah mudir yakan zo ya durƙusa, a taru a ɗaga shi. Bara ya kawo wa kakata sabon mafici. Yayana bai yafe masa ba.