Fatoman Maigatari a Bakin Teku

Ni na kai Baba Zanzibar, kuma har yau idan 'yan uwana suna son tsokanata sai su ce na kai tsoho hutu, na samo masa aiki.

Baba fatoma ne a Maigatari. Fataken dabbobi a gidansa suke sauka, ya ba su wurin kwana, ya ciyar da su, ranar Alhamis ya shiga kara, wato kasuwar dabbobi, tare da su ya tsaya musu a ciniki. Tun ina ƙarama ban san zaurenmu babu baƙo ba. Mutanen Damagaram, Fulanin wajen Sule Tankarkar, masu raƙuma daga can arewa, takalmansu jibge a ƙofa kamar ƙofar masallaci. A cikin wannan hayaniyar na girma, na kuma tsane ta, domin mu ne masu wanke kwanukan.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Likita ya ce ya huta, muka miƙa baƙin ga wani ɗan baffanmu, na ɗauko Baba zuwa gidana a Gumel, inda nake koyarwa. Na ware masa ɗaki mafi kyau, na sa masa fanka, na hana yara damunsa. Jiki ya warware, ƙafa ta taka, amma cin abinci ya tsaya. Ba ya gardama. Zai yi loma biyu, ya ture kwanon a hankali, ya ce, "Alhamdu lillahi, Uwata, na ƙoshi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na yi tuwon dawa, na yi dambu, na aika har Gagarawa aka kawo mini nono mai kyau, duk a banza. Babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Wata rana likita ya ja ni gefe ya ce idan aka ci gaba a haka, maganin da yake rubutawa ba zai tsinana komai ba. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada in zuba ido mahaifina ya ƙare a ɗakin da na gyara masa.

Ƙanena likita ne, yana aiki a wani asibiti a tsibirin Zanzibar. Shi ya ce a kawo Baba ya canja iska. Ɗakinsa guda ne a gidan ma'aikata, don haka ya kama mana ɗakuna a wani ƙaramin otal a tsohon gari, kusa da ruwa.

Otal ɗin bene ne siriri a cikin lungu, da tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa. Fankar ɗakina tana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Famfon wanka kuwa sai ya ga dama. Komai a garin a jiƙe yake, ka shanya zane da safe, da yamma ka ɗauke shi yadda ka shanya. Amma wurin a share yake tas, zanen gado yana ƙanshin kanumfari, kuma daga saman bene, inda ake cin abinci, ana hango teku da jiragen masunta. Mai otal ɗin wata mata ce kakkaura, mijinta ya rasu, dariya ba ta yi mata wuya. Tsakaninta da Baba babu yaren da ya haɗa su sai sallama.

Da na nuna masa teku, ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi tasbihi.

"Duk wannan ruwan, ba a shayar da dabba da shi?"

"Gishiri ne, Baba."

"Asara," in ji shi.

Da safe muka hau sama karyawa. Ƙananan tebura ne, kowane baƙo da nasa, wani na duba waya, wani na kallon ruwa, kowa ya ba ɗan uwansa baya. Baba ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Faɗa suka yi?"

"Ba su ma san juna ba, Baba. Otal ne. Kowa kuɗinsa ya biya."

"To don mutum ya biya sai a bar shi ya ci abinci yana kallon bango? Ita matar gidan ba ta da mai faɗa mata?"

Ya kurɓi shayi, ya gutsuri burodi, ya ce ya ƙoshi.

Kilishi ne ya fara jawo mana magana. Na ɗauko wa ƙanena tsaraba mai yawa daga Gumel, amma damshin garin ya sa ya yi laushi, ƙanena ya ce idan ba a cinye da wuri ba zai yi funfuna. Ashe Baba yana ji. Washegari na fito daga wanka na leƙa ɗakinsa, babu shi babu kilishi. Na sauko da gudu, ɗankwali a hannu. Sai ga shi a bakin ƙofar shigowa, ya shimfiɗa dardumarsa, ya ajiye jug ɗin ruwa da kofi a gefe, ya naɗa rawani, ya harɗe kamar a zaurensa.

Kafin in buɗe baki wani Bature da matarsa suka shigo, jakunkuna a baya, sun yi sharkaf da gumi. Baba ya miƙe, ya tsiyaya ruwa ya miƙa wa mijin.

"Bonjur, mushe. Sannu da hanya. Sha tukuna."

Ɗan Faransancin da Baba ya tsinta wurin mutanen Damagaram ke nan, ashe kuwa mutumin Bafaranshe ne. Ya ga dattijo da babbar riga da rawani yana yi masa yarensu, bai yi wata shakka ba, ya shanye ruwan, ya zaro fasfo ya miƙa wa Baba. Baba ya karɓa, ya duba hoton, ya dubi mutumin, ya gyaɗa kai alamar ya yarda shi ne, ya mayar masa haɗe da yankin kilishi.

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, don girman Allah ka tashi mu hau sama. Korar mu za a yi."

"Wa zai kore mu? Baƙo ya shigo da rana tsaka, babu mai ba shi ko ruwa, sai takarda ake miƙa masa ya cike."

Na juya zan ba mai otal haƙuri, na tarar ta kifa kai a kan teburin karɓar baƙi tana dariya har da hawaye. Ta ce da ni da Turanci in ƙyale shi, ita ma ta gaji da zaman ƙofar.

Daga ranar Baba ya karɓe otal. Ya san ɗakin kowa, ya kuma raɗa wa kowa suna: mai jan wuya, dogon nan mai ciwon ciki, yarinyar da ba ta da zane. Wanda zai tafi sai ya raka shi har bakin lungu yana yi masa addu'a, mutum na ta waige bai san me ake ce masa ba. Abin da ya kusa ɓata lamarin shi ne gaisuwar safe. Yana dawowa daga masallaci da asuba sai ya bi ƙofofi yana ƙwanƙwasawa: "An tashi lafiya? Ya gajiya?" Dogon nan mai ciwon ciki ya kai ƙara. Ni aka kira, ni na sha kunyar, ni kuma na sha faɗan Baba, wai wane irin mutum ne za a gaishe shi ya kai ƙara. Da ƙyar muka daidaita a kan sai rana ta fito.

Har bakin ruwa mai otal ta fara tafiya da shi sayen kifi. Ranar da na bi su, wani masunci ya kwantar da wani ƙaton kifi a kan yashi, tsawonsa ya kai ɗan maraƙi. Baba ya naɗe hannun riga, ya zagaya shi, ya bubbuga masa ciki, sannan ya tsuguna ya buɗe bakinsa yana duba haƙora. Masunta suka bar abin da suke yi suka taru.

"Bai tsufa ba," ya ce da ni, "amma an wahalar da shi a hanya. Gaya mata kada ta nuna tana so."

Na fassara. Da masuncin ya faɗi kuɗinsa, Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ɓata fuska, ya kaɗa riga, ya yafito mu muka juya. Ba mu yi nisa ba mutumin ya biyo mu yana kira. Mai otal ta dawo gida tana ba kowa labari, Baba kuwa yana tafe a gaba, hannu a baya, kamar ya sayar da garke.

Duk wannan ina gani, ina kuma ganin abin da ba wanda ya lura da shi. Muryarsa ta dawo, tafiyarsa ta dawo, amma farantinsa yana komawa kicin kamar yadda ya zo. Ƙarfin hali kawai yake yi. Wata rana da azahar na ga ya dafa bango a kan matakala, ya tsaya yana mayar da numfashi. Raina ya ɓaci. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na bi shi ɗaki na rufe ƙofa.

"Baba, ka shayar da Turawa, ka raba kilishina, ka duba haƙorin kifi. Kai kuma fa? So kake in koma gida in ce musu me?"

Ya zauna a bakin gado, ya dube ni kamar yadda yake duban sabon shiga a kara.

"Uwata, ke fa 'yar gidan fatoma ce. Yaushe kika ga na sa hannu a kwano baƙi ba su sa ba? Su kuma waɗannan ba su da lokaci. Wannan ya ci ya tashi, wancan ya zo, wani sai la'asar. Ta ina zan san sun ci?"

"To a Gumel fa? Can ai babu baƙi."

"Shi ne ai," ya ce. "Ki kawo kwano ki ajiye, ki ja ƙofa. Abinci ba ya wuce mini in ni kaɗai ne. Na gwada."

A gidanmu 'ya mace ba ta cin abinci da mahaifinta, girmamawa ce, ita na yi masa. Na fita na tsaya a baranda har idona ya bushe, sannan na sauka wurin mai otal na zayyana mata komai. Ta saurara ba ta yi dariya ba. Ta ce in bar mata ranar Juma'a.

Da aka sauko daga masallaci muka hau sama, na ga an jingine teburan nan duka a bango. An shimfiɗa tabarmi, an ajiye manyan tire biyu na shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, kifi a kai, ɗaya na maza ɗaya na mata. Ashe mai otal ta bi ɗaki ɗaki ta gayyato kowa, ƙanena ma ya zo daga asibiti. Baba ya tsaya a bakin matakala ya ga wurin. Sai ya ɗauki buta da roba ya fara bi yana zuba wa mutane ruwan wanke hannu.

Zaman tabarma ya ba Turawa wuya. Bafaranshen ya rasa inda zai kai ƙafafunsa, ya naɗe, ya miƙe, ya sake naɗewa. Da ya kawo hannun hagu, Baba ya ɗan buge shi, ya nuna masa dama. Dogon mai ƙara ma ya zo, Baba ya zaunar da shi kusa da shi, ya ɓare kifi ya cire ƙaya ya tura masa gabansa. Ni ina wurin mata, hannuna a cikin shinkafa, idona a kan tiren maza. Sai da kowa ya kai loma, Baba ya duba hagu ya duba dama, ya yi bisimilla.

Ya ci. Yana ci yana surutu da Hausa, suna amsa masa da yarukansu, kowa na gyaɗa kai. Ya ɗauko wani yanki na abin ruwan nan mai ƙafafu takwas, wanda da ya gan shi da rai da ba zai kwana a garin ba, ya tauna, ya ɗago murya ya tambaye ni mene ne.

"Irin gandarsu ce, Baba."

"Ba ta dahu ba," ya ce, ya ƙara wani.

Ƙanena ya dube ni daga can, na kawar da kai, don na san idan muka haɗa ido zan yi abin kunya a gaban mutane. A ranar na buga wa ɗan baffanmu waya na ce a share ɗakin Baba na Maigatari, can za mu sauka. Ƙanena ya fara yi mini bayanin hawan jini da hayaniyar kasuwa. Na ce masa shi likita ne, ya rubuta magani, ni zan tabbatar ana sha.

Sauran kwanakinmu a tabarma aka ci abincin rana. Ranar tafiya mai otal ta rako mu har tashar jirgin ruwa, ta cusa mini ƙullin wani irin fankensu mai ƙanshi a jaka. Ita da Baba suka tsaya suna ta sallama, shi da Hausa ita da yarenta, har aka fara kiran fasinja.

Jirgin ya yi nisa, garin ya koma fari-fari a bayanmu. Na rufe ido na jingina. Sai na ji ya taɓa mini hannu.

"Uwata, akwai wani abu a jakar nan? Yunwa nake ji."

Tun kafin ya kwanta ciwo rabon da in ji wannan maganar daga bakinsa. Na sunkuyar da kai cikin jakar, na daɗe ina lalube duk da ƙullin yana sama, hawaye na ɗiga a kan kayana. Na miƙa masa. Ya kwance, ya raba fanken biyu, ya juya wurin wani mutum da ke zaune a gefensa, wanda bai taɓa gani ba, ya ce masa bisimilla.