Ramin da Ya Ƙi Rufuwa

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ƙanƙara, bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Faskari. Daga nan na koyi kwamfuta, don ni ba mai zaman jiran a ba ni ba ce. Wani ƙaramin ofishin masu zanen hanya ya ɗauke ni. Masu awo su kawo fayil ɗin ƙasa, tudu da kwari. Wani ofis a birni ya aiko da fayil ɗin layin hanya. Ni kuma in ɗaure su da juna, in sa kwamfuta ta gina jikin hanyar, da kaurinta da kafaɗunta, kamar ka ɗauke ta da hannu. In an taɓa fayil ɗaya, sauran duk sai sun motsa.

Wata hanya ce da za ta tashi daga wajen Faskari ta gangara Sabuwa. Jikinta ya ƙi fitowa. Duk sanda na danna, sai jan rubutu: akwai inda bai haɗe ba. Na kwance ɗaurin na sake ɗaurawa. Na duba ko an sauya wa fayil suna, ko ma'aunin birni ya saɓa da namu, ko layuka sun hau juna a kwana. Duk lafiya lau.

Injiniyanmu, wanda a haife na haife shi, ya leƙo.

"Hajiya, kin gama yi wa na'urar faɗa?"

"Ban fara ba. Matsa, kana tare mini haske."

Na riƙa bin layin a hankali har na iso wurin. Ƙasar ce babu. Wani fili baƙi ƙirin a tsakiyar fayil ɗin, masu awo ba su ɗauki komai a cikinsa ba, hanya kuma ta ratsa ta kansa. Na buɗe hoton wurin da aka ɗauka daga sama. Ga ƙorama ta yi gwiwa, ga dutsen da muke shanya a kai. Na san inda nake. Ƙauyenmu ne.

Na ce wa injiniya ya kira mai awon. Ya kira, ya buɗe muryar wayar.

"Yallaɓai, maƙabarta ce," in ji mutumin. "Ba katanga, sai fasassun tukwane cikin ciyawa. Wa zai kafa sandar awo a kan bayin Allah? Addu'a muka yi musu, muka zagaye. Kuma ba wurin tsayawa ba ne, ga 'yan bindiga."

Injiniya ya kashe wayar, ya shafa kai.

"To Hajiya, ki rufe ramin kawai. Ki jawo ƙasa daga gefe da gefe, jiki ya fito mu tura. Daga baya a gyara."

"An riga an rufe," na ce.

"Ga shi a buɗe."

"Ɗiyata aka rufe a nan. Baƙon dauro, ko yaye ban yi ba."

Ya ce Allah ya sa mai ceto ce. Na ce amin. Ya ce a kwamfuta ne kawai fa. Na ce masa jan rubutun nan shi kaɗai ne ya san da mutane a wurin. In na shafe shi, babu mai sake dubawa, daga baya kuma katafila ce za ta karanta zanen. Na ce in yana so ya zauna ya yi da hannunsa, ga kujera. Na tashi na ba shi.

Bai zauna ba. Ya fita waje da waya, na ji shi yana ta "don Allah, ranka ya daɗe". Mutanen birni sun ji haushi, don in layi ya gusa, kwalbati da lambatu duk sai an sake su. Aiki ya tsaya. Ni dai ina zuwa, in share teburina, in duba wasu hanyoyin, in koma gida.

Ranar da sabon fayil ya iso na ɗaura shi, na danna. Jiki ya fito sumul. Hanyar ta ɗan karkata yamma, ta bi ta tsohuwar gonar dawarmu, ta bar baƙin filin a gefe.

"Alhamdu lillahi," in ji injiniya. "Ta wane ɓangare yarinyar take, Hajiya?"

Na dubi allon. Mata ba sa raka gawa. Maza ne suka ɗauke ta a tabarma suka fita, suka dawo suka ce an rufe. Wanda ya haƙa ya rasu, uban ma haka.

"Ban sani ba," na ce. "Tana ciki dai."

Na adana fayil ɗin, na buɗe na gaba.