Baba Hodi, Mai Jiran Raɓa

In an idar da sallar asuba a lokacin sanyi, Baba Hodi kan rataya laujensa a keke ya gangara fadamar da ke bayan Argungu. Masu albasa na ban ruwa, masu shinkafar rani na jan injin, shi kuwa sai ya jingine keke a gindin giginya, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Haka zai yi ta kallon gonarsa har hantsi ya dubi ludayi. Sai ya sa tafin hannu ya shafa ganye, in ya ji babu danshi, sannan ya miƙe ya fara yanka.

Shekara ashirin ina kallon wannan zama, don gonata da tasa kunya ɗaya ta raba su. Ni ne Ummaru, kuma ni na fara kiransa rago. Bana gwiwa ta ci ƙarfinsa, 'ya'yansa sun ce ya ajiye lauje ya koma wurinsu a Gesse, cikin Birnin Kebbi. Shi ya sa na ce bari in faɗi gaskiyarsa tun yana da rai, ko da tana yi mini ɗaci.

Abin da yake nomawa ciyawa ce. Mu da muka tashi mun san ciyawa cirewa ake yi, shi shuka ta yake. Wani malamin gona ne ya taɓa ba shi irinta cikin ƙullin leda, ƙanana kamar na alayyafo. Masu karatu na ce mata kuloba, mu muna ce mata ganye-uku. Tana son laka mai riƙe ruwa, inda albasa ke ruɓewa, kuma da zafi ya kama sai ta mutu. Duk wanda aka ba irin a lokacin ya watsar. Hodi kaɗai ya riƙe, ya rataya amya uku a bishiya, don ya lura in ƙudan zuma bai bi furen ba, ba ta yin 'ya'ya. Har zuwa makon jiya, a duk fadamar nan irin ganye-uku a hannunsa kawai yake. In ya tafi da shi Gesse, ko ya ba wanda bai san kanta ba, shi ke nan ta ƙare.

Na yi masa dariya shekara uku. A ta huɗu bazara ta yi tsawo, harawa ta yi wuyar gani, shanunmu suka koma cin leda a juji. Nasa kuwa suna sheƙi kamar an shafe su da mai. Ranar kasuwa dillalai suka wuce bajimina suka kewaye nasa. Goggo Balaraba mai nono ta shaida cewa saniyarta da ta kwanta, damin busasshiyar ganye-uku da ya aika mata ne ya tashe ta. Kowa na sa masa albarka, ni ina jin kamar ana zuba mini barkono a ido.

Matata Kulu ba ta rage mini ba. "Malam," in ji ta, "shanun Baba Hodi tuwo suka ci? Ko kai ma ka je ka koyi zaman ragon nan?"

Girman kai ya hana ni roƙo. Sai na riƙa miƙa hannu ta kan kunya ina tsinke busasshen fure ina cusawa a aljihu. Na shuka, ta fito kore shar. Na ce to, yanzu zan nuna wa tsohon nan yadda ake aiki. Shi yana zaman jira, ni tun da jijjifi na yanke dami guda, jiƙe da raɓa, na kai gida na zube wa bajimina da ya kwana da yunwa. Shi kaɗai gare ni, shi ke ja mini garma.

Kafin hantsi kwiɓinsa na hagu ya taso kamar ganga. Yana nishi, yana harbin ciki, ido ya fito. Na tsaya da wuƙa a hannu ina tunanin yanka kafin ya zama mushe. Ban san Kulu ta fita ba, sai na ji ƙarar keke, ashe Baba Hodi ta je ta kira.

"Ummaru, mi kab ba shi?"

Na yi masa nuni da hannu. Ganyen na nan zube a gabansa.

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce a kawo man gyaɗa, ya ɗura masa kwalba guda a hankali ta gefen baki. Ya gitta masa sanda a baki ya ɗaure ta bayan ƙaho, ya ja shi ya tsayar da ƙafafunsa na gaba kan tudu, yana murza kwiɓin da dunƙulen hannu. Can sai bajimi ya saki wata gyatsa da ta sa kajin gidan watsewa. Kulu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na mayar da wuƙa kube.

Yana wanke hannu ya ce, "Na gane ka kana tsinkar hure, ban hana ba. Amma iri kad ɗauka, zaman kab bari. Wagga ciyawa ba a ba dabba ita da raɓa, ba a ba ta ga ciki wayam. Ka bari ta sha iska, ka hwara ba shi tattaka. Doki da jaki kuwa, ko kusa."

Ashe zaman da na yi shekaru ina zagi, shi ne aikin.

Baba Hodi, kai ne ka san ɓarawon furenka kuma ba ka taɓa faɗa a majalisa ba. Kai ne mai jiran raɓa, wanda bai taɓa gaggawa ba kuma ya riga kowa isa. Ba zan ɓoye maka ba, har gobe in na ga shanunka ƙirjina na suya. Na bi duk abin da ka ce, nawa ba su kamo naka ba.

Makon jiya Baba Hodi ya tara mu a gindin giginya don sallama. Mujtaba, babban ɗansa, ya ce a ba masu shinkafa gonar. Wasu uku suka nemi irin. Ni na koma baya na zauna, don na san ba ni da bakin roƙo. Sai tsohon ya ciro gorar iri daga buhu ya ce, "Ina Ummaru?"

Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce, "Baba, wanga da bai taɓa son ka da arziki ba?"

Tsohon ya ce, "Ku duka gaishe ni kuka yi ku wuce. Shi shekara ashirin idonai na bisa hannuna. Wa yas san aikin kamatai?"

Na karɓa da hannu biyu.

Na gode, Baba. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu dabbobi, ku ware ko kunya biyu ku shuka musu abinci, ku daina jiran bazara ta koya muku hankali. In za ku yi ƙyashin mutum, ku yi na irin Hodi, amma ku je ku tambaye shi, kada ku bi ta kan kunya irin tawa.

Jiya na jingine keke, na shimfiɗa buhu na zauna. Wani mai albasa ya wuce ya ce, "Ummaru, ragonci ka kama?"

Na ce, "Raɓa nika jira."