Malama Kwaɗo ta ajiye alli

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, malamar kimiyya ta riga ta zaga bayan ajujuwa, ta tsaya bakin ɗan kududdufin makaranta tana duba wa ya kwana lafiya. Takalminta kullum da taɓo. Yara suka laƙaba mata Malama Kwaɗo, suna faɗa a ɓoye, har ranar da ta ji, ta fashe da dariya ta ce, "Ai kun girmama ni, kwaɗo ma'aikaci ne." Sunan ya bi ta har gida, maigidanta ma da shi yake tsokanarta.

Ba ta yarda yaro ya haddace kalmar da bai gani da idonsa ba. Sai ta jera su a bakin ruwa ta ce, "Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mai rai: ruwa, ƙasa, iska, rana da maƙwabtansa. Inda yake ci yake kwana kuwa, mazauninsa ke nan. Ciyawa na haɗa abincinta da hasken rana, fara ta ci ciyawa, kwaɗo ya ci fara, maciji ya haɗiye kwaɗo. Sarƙar abinci ke nan."

Wata ɗaliba ta taɓa cewa, "Malama, to in macijin ya mutu fa?"

"Sai masu ruɓarwa su karɓi aiki, 'yata. Tsutsotsi da ƙwayoyin da ido ba ya gani su mayar da shi taki, ciyawa ta samu."

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da yara da yawa, har da autarta. Iyaye suka taso, suka ce lallai a cike kududdufin, shi ke kawo sauro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kai su bayan kicin, ta nuna musu ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi, 'ya'yan sauro sun yi baƙi a ciki. Ta kai su kududdufi, inda ƙananan kifaye ke cinye 'ya'yan sauron.

Wani uba ya ce, "Malama, mun gani. Amma tsoro muke ji."

"Ni ma uwa ce, yayana," in ji ta.

Aka kwashe tayoyin, amma aka tsaya a kan cike rabin ruwan. Ranar da motar ƙasa ta zo, mai gadi ya gan ta tsundum cikin taɓo, tana kwasar kifi da bokiti zuwa ɓangaren da aka bari, hawaye na zuba, tana yi wa direba tsawa ya bi a hankali.

Malama, ke ce kika ceci rabin nan, kuma har yau yana raye. Uwar masu tambaya, yau da kika yi ritaya, mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da ta koyar, kafin mu cike rami ko mu sare bishiya, mu durƙusa tukuna mu duba wa ke zaune a ciki.